Sun yanke mini jaririn Venetsianov

Abin da na yi oda bugun wani zanen Alexei Venetsianov ne, mai zane ɗan ƙasar Rasha, wanda asalinsa ke gidan adana zane na Tretyakov a Mosko: wata baƙauyiya ba takalmi, cikin kayan kwalliya, tana jan dawaki biyu a gona lokacin shuka. Ranar da ya iso na ji daɗi ƙwarai. Ƙyallen mai kauri ne, shuɗin sararin sama ya fito tas, firam ɗin ma ba laifi. Har na fara yi wa mai shagon talla a gidanmu.

Sai da na rataye shi na ja da baya, na ga babu jaririn. A zanen asali akwai ɗan yaro zaune a bakin gona, can ƙasa ta hannun dama, uwar kuma ta juyo tana dubansa. A nawa an datse gefen gaba ɗaya, sai ga mata tana kallon firam. Da na kira, wai: "Hajiya, ai girman da kika zaɓa ne bai ɗauka ba, kuma ɗan abu ne a gefe." Ɗan abu!

Venetsianov ya bar aikin gwamnati a 1819, ya koma ƙauyensa Safonkovo a yankin Tver, yana zana manoman da ke ƙarƙashinsa, waɗanda doka ta ɗaure wa masu gona har sai 1861. Ni a ganina ya ƙawata su fiye da kima. Wa ke shiga gona da kayan biki? Matar ma ya yi ta doguwa, ta kere dawakan, kamar ba taka ƙasa take ba. Yaron nan ne ke tuna maka cewa aiki take, kuma dole ta ajiye ɗanta a ƙasa ta ci gaba. An cire shi, saura ado kawai.

Da farko na yi niyyar ba su tauraro uku saboda launi. Amma da na tuna hoton da suka sa a shafinsu cikakke ne, da jaririn da komai, kuma ko uffan ba su ce za a yanke ba, sai raina ya sake ɓaci. Kuɗi kuma sun ce ba a mayarwa, sai dai ragi in na sake oda. Tauraro ɗaya. Duk mai saye ya sa su turo hoton bugun kafin a sa firam.