Bahago da ƙotar bindiga: abin da na tarar a Wiskonsin

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da sauran mafarautan garinmu, ga bayanin da ka nema a kan yadda bahago irinmu yake samun bindigar farauta da ta dace da jikinsa a nan jihar Wiskonsin ta Amurka.

Farautar barewa da bindiga kwana tara ake yin ta a nan, cikin watan Nuwamba, kuma bindigar da na fi gani a hannun dattawan mafarautansu ita ce wadda ake ɗanawa da wani ƙarfe mai zobe da ke ƙarƙashinta, a tura shi gaba a dawo da shi, ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Bahagwai suna son ta ne saboda wannan ƙarfen a tsakiya yake, kowane hannu yana iya sarrafa shi, saɓanin mai sakata wadda mariƙinta yake gefen dama. Duk da haka ba duka suka zama ɗaya ba. Tsohuwar Winchester 1894, wadda John Browning ya tsara, sama take jefa kwanso, sai a shekarun 1980 aka karkatar da shi zuwa dama domin a sami wurin ɗaura madubin hange. Marlin 336, wadda ta fito a 1948, ta gefen dama take fitarwa, don haka kwanson yakan gifta ta gaban bahago, ko da yake yawancin waɗanda na yi magana da su ba su ɗauki hakan abin damuwa ba.

Inda maganar take shi ne ƙota. Mai harbi da dama yana ɗora kuncinsa a gefen hagu na ƙotar, shi ya sa wasu kamfanoni suke barin tudu a wannan gefen domin kunci ya zauna, wani lokaci ma har su ɗan karkatar da gindin zuwa dama. Idan bahago ya ɗauki irin wannan, tudun ba ya amfana masa komai, kuma karkatar takan ture idonsa daga layin saiti, sai ya riƙa lanƙwasa wuya yana neman abin da ya kamata ya zo masa da kansa. A ganina miƙaƙƙiyar ƙota ta gargajiya, wadda gefenta biyu suke daidai, ta fi mana duk waɗannan masu ado, kuma ita ce mafi araha.

Bayan siffa sai tsawo. Ana aunawa ne daga kunama zuwa ƙarshen gindi, kuma yawancin na kanti suna zuwa da kusan inci 13 da rabi. Wannan awon ba ya la'akari da rigar sanyi, alhali a Nuwamba mutum yakan fita da kaya masu kaurin da ke ƙara nisa tsakanin kafaɗa da kunama. Wani mai gyaran bindiga da na je wurinsa ya sa na saka rigar farautata tukuna, sannan ya ce in rufe ido, in ɗaga bindigar (babu harsashi a cikinta) zuwa kafaɗar hagu, in kwantar da kunci, sa'an nan in buɗe. Da na buɗe sai na ga idona ya sauka ƙasa da layin madubi. Ya ɗauko wata fata mai igiya ya ɗaure a kan ƙotar ta ɗaga kuncina, ya rage gindin kaɗan, ya sa masa roba mai shanye dukan da bindiga take yi wa kafaɗa. Kafin wannan duka sai da ya gwada wane ido ne ya fi rinjaye a wurina, domin akwai bahagon hannu wanda idonsa na dama ne ke jagora, kuma irin wannan akan shawarce shi ya koyi harbi ta dama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa wannan awon, wanda a nan ake biyan kuɗi mai yawa a kansa, shi ne abin da masassaƙinmu yake yi ba tare da ya ɗauke shi wani abu ba. Yakan ɗora icen a kafaɗarka, ya sauke, ya rage da gizago, ya sake ɗorawa, kamar yadda ake yi wa ƙotar fartanya har ta zauna a hannun mai ita. A nan kayan inji ne suka cika kasuwa, kuma ƙotar da aka sassaƙa wa mutum shi kaɗai tana iya fin bindigar tsada. Inda suka fi mu shi ne busar da katako yadda ba zai tsage ba, da kuma yawan zaɓi. Kamfanin Boyds da ke garin Mitchell a Dakota ta Kudu yana karɓar oda ta intanet, mutum ya zaɓi irin katako da tsawo, a kawo masa har gida. Ita bindigar kanta kuwa, idan a kanti za a saye ta, sai an cika takardar gwamnati mai lamba 4473 an kuma binciki tarihin mai saye.

Game da roƙon da wasu suka yi na a aiko musu, ina ba su haƙuri, domin fitar da bindiga ko sassanta daga Amurka sai da izinin hukuma, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana da nata sharuɗɗan. Abin da zan iya aikowa shi ne awon. Idan za ka sabunta ƙotar harbi-ka-rugarka, ka gaya wa masassaƙi ya bar gefen biyu daidai, ko kuma ya bar tudun kunci a dama, kuma ka gwada ta da kayan da kake shiga daji da su. Tun da yake wutar irin wannan bindigar a gefen dama take tashi, wato gefen da fuskar bahago take, ina roƙonka ka riƙa sa tabarau mai ƙarfi duk lokacin da za ka yi harbi.