Kaya a gaban remok ko a baya, wanne ya fi?

Alhaji barka da yamma. Na ga tambayarka, ka ce in ka ɗaura remok, wato ƙaramar tirelar da mota ke ja, a Hilux ɗinka ka loda masara daga Gaundare zuwa Garwa a Kamaru sai bayan motar ya zauna ƙasa, yaron motarka kuma ya ce a ture buhunan can bayan remok, motar za ta miƙe. Za ta miƙe kam, amma don Allah kar ka yarda, bari in ajiye maka su biyun ka gani.

In kaya ya yi yawa a gaba, nauyin yana sauka ne kan ƙugiyar da ke bayan mota, sai sifirin ɗin baya ya danne, gaba ya ɗaga sama, sitiyari ya yi sakayau a hannunka kamar ba ya riƙe kwalta, birkin gaba ya rage ci, da dare kuma fitila tana haska idon masu zuwa maimakon hanya. Matsala ce, amma tun a tsaye za ka gan ta da idonka ka gyara.

Na baya shi ne mugun, don ba ya nuna kansa. Mota tsaye ras gwanin kyau, ka tashi lafiya lau, sai ka ɗan taka totur ko wata babbar kamiyo, wato motar kaya, ta wuce ka da iskarta, kawai remok ta fara wutsiya hagu da dama tana jan gindin motar, kuma kowane lilo ya fi na bayansa ƙarfi. Ni ya taɓa samuna a gangaren dutsen nan na Gaundare da ake kira falez, wlh har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, buhu huɗu kacal muka matsar baya saboda irin wannan shawarar. Gangare shi ya fi haɗari tunda remok ce ke turo ka. In ya same ka, Allah ya kiyaye, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kar ka danna birki da ƙarfi kuma kar ka yi kokawa da ita.

Abin da ake bi shi ne wajen kashi 60 na kayan ya zauna gaban tayoyin remok, nauyin da ke kan ƙugiya kuma ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na remok da kayanta gaba ɗaya. Wato in duka kilo 1,500 ne, kilo 150 zuwa 225 kenan, sai dai kar ya wuce adadin da aka rubuta a jikin ƙugiyar ko takardar motarka. Wani abu da mutane ke mantawa, wannan nauyin yana cikin lissafin abin da motar kanta ke ɗauka, to in ka cika bodin Hilux da buhuna da fasinja sannan ka ƙara remok dole ta zauna. Ina zargin naka daga nan ne ma, fara rage na bodi tukuna.

Aunawa ba wuya. Samu wuri shimfiɗaɗɗe ka sa wa tayoyin remok dutse, ɗora katako mai ƙarfi gefe ɗaya kan bulo ɗayan kan sikelin awon mutum, wuyan remok ya sauka daidai tsakiyar katakon a tsayin da yake zama in an ɗaura. Abin da sikeli ya nuna ka ninka biyu.

Sannan a ɗaure buhunan tamau da igiya, don ramukan hanya suna zamar da su baya ko da ka jera daidai, in ka tsaya a garin Mbe da ke kan hanya ka sake dubawa. Turo mana hoton motar daga gefe bayan kun loda mu gani.