jq: ra'ayina bayan na yi aiki da shi a kan fayilolin JSON

Aikina shi ne tace bayanan da masu zagaya gida-gida ke turowa ta KoboToolbox, manhajar tattara amsoshin tambayoyi. Idan ka jawo su ta API, wato ƙofar da manhaja ke karɓar bayanai daga wata manhajar, JSON ne zai zo maka, wani tsarin rubuta bayanai da ake bai wa kowace amsa suna, wato maɓalli, komai a cikin `results`, kowane gida da nasa jerin yara a ciki, kowane yaro da nasa amsoshin. A da sai na rubuta shiri da harshen kwamfuta na Python, da madauki (umarnin maimaitawa) cikin madauki, kafin in ciro sunan yaro da shekarunsa. Yanzu jq nake kira, wata ƙaramar manhajar tace JSON da ake ba ta umarni a rubuce, layi ɗaya ya gama:

`jq -r '.results[] | .yara[]? | [."yara/suna", ."yara/shekaru"] | @csv'`

Stephen Dolan ne ya fitar da jq a 2012, da harshen C aka rubuta shi, kyauta ne, kuma fayil ɗaya ne tal. Ko a waya yana aiki, in ka saka Termux, manhajar buga umarni a Android, ka buga `pkg install jq`. Ga wanda wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya, wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Ka lura da alamar tambayar da ke bayan `[]` ɗin can. In babu ita, da ya iso gidan da ba a rubuta yaro ko ɗaya ba, zai tsaya cak ya ce ba zai iya bin `null` ba, wato gurbin da babu komai. Wannan tsayawar ma da sauƙi, tunda ya yi magana. Abin da ya fi damuna shi ne shirunsa: ka kuskure harafi ɗaya a sunan maɓalli, ba zai ce uffan ba, sai ya miƙo maka babu komai, kai kuma ka ɗauka mutane ne ba su amsa tambayar ba. Shi ya sa nake fara duba `keys` ko `paths` in ga ainihin sunayen kafin in rubuta komai. Sunayen Kobo masu karan tsaye a tsakiya kuwa dole a sa su cikin alamar zance, in ba haka ba ya ɗauka lissafin rabawa kake so.

Ka kuma duba sigar da ke hannunka. Ta 1.6, wadda ta fito a 2018, tana lalata lambobi masu tsawo sosai, ta canja wutsiyarsu ba tare da gargaɗi ba. Sai a 1.7 ta 2023 aka sa ya bar su yadda suke matuƙar ba lissafi ka yi da su ba. A PowerShell, wurin buga umarni na Windows, kuma alamomin zance na ba da ciwon kai. Gara ka zuba tacewar a fayil ka kira ta da `-f`.

Don leƙawa da ciro abu cikin gaggawa, ban ga kamarsa ba. Amma da zarar tacewa ta haura layi uku da umarni masu sarƙaƙiya irin su `reduce` da `group_by`, Python nake komawa, domin abokin aikin da zai karɓi rubutun bayana ba zai iya karanta ta ba.