Swift Sport ko Golf GTI? Ni dai Swift zan ce

Malam, tsakanin Suzuki Swift Sport ta 2012 da Golf 5 GTI ɗin da ka ce kana ruwan ido a kansu, ɗauki Swift ka huta. Irinta nake hawa a nan Garwa ta Kamaru, fara, mai ƙofa uku.

Idan ka tsaya a gabanta, fitilun ne za su fara ɗaukar idonka, manya ne kuma sun miƙe baya a gefen kapo, wato murfin inji, ga hancin baƙi mai faɗi da ƙananan fitilun hazo a ƙasan bamba. Ginshiƙan da ke riƙe gilashin gaba baƙi aka yi su, sun haɗe da gilasan gefe, sai motar ta zama kamar ta sa tabarau. A farar mota abin ya fi fitowa. Bayanta kuwa can ne adon yake: ɗan fiffike a saman but, da bakin salansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne ya leƙo ta cikin bamba. Tsawonta bai cika mita 4 ba, kuma an tura tayoyin can kusurwa huɗu, gaba da baya babu wani jiki mai yawa da ya wuce su. Wannan ba ado kawai ba ne. Duk wanda ya san gangaren shiga lungunan Yelwa bayan ruwan Agusta ya san amfanin mota mai gajeren hanci.

Ranar da muka kai amaryar ƙanena Gidar, jerin motoci har da manyan jif, amma da muka tsaya a Figil yara tawa suka zagaye, suna leƙen salansa suna gardama ko motar tsere ce. Ƙawayen amarya kowacce ita take son shiga. Goggo ce kawai ta rantse ba za ta sake ba, saboda sai an kwantar da kujerar gaba kafin mutum ya kutsa baya, ga lulluɓi ga ciwon gwiwa. Har yau idan ta ganni sai ta tambayi lafiyar "akwatin nan". Don haka idan kana da iyali, nemi mai ƙofa biyar, daga 2013 aka fara sayar da ita a Turai. But ɗin ma kada ka sa rai, lita 211 ne, buhun masara ɗaya sai da dabara.

Abu ɗaya zan canja a jikinta tun ranar farko: ƙafafun. Tana zuwa da jant, wato ƙarfen da ake sa wa taya, na alminiyan inci 17 da taya 195/45, siririya, an yi ta ne don kwaltar Turai. Ramin hanyar Marwa ba ya raga wa irin wannan. Sa inci 16 da taya mai nama, kyan ba ya raguwa sosai. Tsakanin cikinta da ƙasa kuma santimita 13 ne kacal, a bi tudun rage gudu a karkace.

Golf ɗin, to, ba za a hana ta kyau ba, jan zaren nan da ya kewaye hancinta kowa ya san shi, ta fi faɗi kuma injinta ƙarfin doki 200 gare shi, na Swift 136. Sai dai injinta mai turbo ne, yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, fetur mai tsabta yake so da bakanike na musamman. Injin Swift 1.6 ne, babu turbo, sarƙar taimin gare shi ba bel ba. Ita ma kada ka saba mata da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu na bakin titi, amma ta fi haƙuri.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi dillalai. Akwai masu ɗaukar Swift ta gama-gari, 1.2 ko 1.3, su manna mata tambarin Sport da fiffike, su ɗaura bututun ƙarya a baya, su ce yanzu ta sauka daga tashar jiragen ruwa ta Duwala. Kafin ka saurari kowa, durƙusa ka ƙirga notin taya. Sport biyar gare ta, ta gama-gari huɗu. Buɗe kapo ka nemi lambar inji, M16A ce ta gaske. A sa a tayar da ita, ka kai hannu kusa da kowane bakin salansa, dole iska ta fito ta duka biyun. Bi ƙofofi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika shi da foti an fesa fenti. Leƙa ƙarƙashi kuma, motocin Beljiyam da Jamus gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cin cikinsu. Kada ka yarda a nuna maka ita da magariba ko a jiƙe, an san dalilin da ya sa ake wanke ta dab da zuwanka.

Lambar shasi ta jikin mota ta zo ɗaya da ta kart giriz, wato katin rajistar mota, da takardar duwan, wato kwastan, harafi da harafi. Idan dillali ya ce takardun suna hanya, kuɗinka ma su tsaya a aljihu har su iso.