Wasiƙa Daga Osaka Kan Kyamarar Aljihu da Kawu Ya Ce a Sayo

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya, ina sanar da ku cewa saƙonku ya iso, kuma na cika umarninku game da kyamarar aljihu mai zuƙo nesa, wadda kuke so ku riƙa tafiya da ita Damagaram da Yankari, ku kuma ɗauki hawan Sallah da ita. Na jinkirta amsa ne domin ban so in yi sayen ido rufe ba, sai da na zaga shagunan Osaka sau uku, na haɗa abin da na gani da abin da na koya daga tawa kyamarar, wadda na shekara uku ina yawo da ita a ƙasar nan.

Wannan haja ta yi ƙaranci ko a Japan, inda manyan kamfanoninta suke. A shekarar 2010 kamfanonin kyamara sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, saboda wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Kamfanin Casio, wanda ya fito da QV-10 a 1995, ɗaya daga cikin na farko da mutum zai kalli hotonsa a allon bayanta nan take, ya bar wannan sana'a a 2018. A 'yan shekarun nan kuma matasa sun dawo suna neman kyamarar aljihu a daidai lokacin da kamfanoni suka rage ƙera ta, shi ya sa za ku tarar da samfuri a kan tebur, a gefensa an liƙa takarda cewa kayan sun ƙare, sai dai mutum ya rubuta sunansa ya jira.

Manyan shagunan da na shiga su ne Yodobashi da ke Umeda da Bic Camera da ke Namba, sai ƙananan shagunan unguwar Nipponbashi. A manyan nan kowace kyamara tana ajiye a fili, a kunne, an ɗaure ta da siririyar waya, kuma mutum yana iya ɗaukar rabin awa yana zuƙo silin da fuskokin da ke jikin fastocin talla ba tare da wani ya tambaye shi ko saye zai yi ba. Na tuna yadda a Sabon Gari mai shago ba ya yarda a yage ledar kwali sai an gama ciniki, kuma ban ga laifinsa ba, tunda kwali ɗaya ko biyu ne jarinsa. Mutanen Osaka dai 'yan kasuwa ne kamar Kanawa, har tsohuwar gaisuwarsu ma ma'anarta ita ce ko ana samun riba, a amsa da cewa ana lallaɓawa. Saboda haka ana ɗan taya kaya a nan, sai dai tayin nasu shi ne ka nuna wa ma'aikaci farashin wani shago a wayarka, ya je ya tambayi na gaba da shi, ya dawo da ragi kaɗan. Akwai harajin saye na kashi 10 cikin ɗari, wanda ake yafe wa baƙo mai yawon buɗe ido idan ya nuna fasfo kuma sayayyarsa ta kai yen 5,000 na kuɗin Japan, amma mu mazauna ba mu da wannan rangwame. Abin da muke samu shi ne maki a katin shago, galibi kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kaya, wanda ba a karɓarsa a tsabar kuɗi, sai dai a sayi wani abu da shi a shagon.

Kyamarori uku na tsaya a kansu, kowacce nauyinta wajen gram 300 ne ko sama da haka kaɗan, kuma duk suna shiga aljihun kaftani. Akwai Lumix TZ99 ta Panasonic, kamfanin da hedikwatarsa ke Kadoma a nan gefen Osaka, wadda ke zuƙowa sau 30. Akwai PowerShot SX740 HS ta Canon, wadda ta fito a 2018, tana zuƙowa sau 40. Ta ukun ita ce RX100 VII ta Sony, wadda zuƙowarta bai wuce sau 8 da 'yan kai ba, amma kuɗinta ya fi ninki biyu na kowacce daga cikin biyun farko. Dalilin tsadar yana cikin ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi. A biyun farko faɗinsa kimanin milimita 6 ne, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, a ta Sony kuwa ya haura milimita 13, wato filinsa ya ninka nasu kusan sau huɗu. Duk ukun an rubuta musu megafiksel 20, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, don haka kada wannan lamba ta ruɗe ku idan wani ya zo yana tallar kyamara da ita.

Amfanin wannan irin kyamara a tafiya, a iya abin da na jarraba, yana cikin zuƙowa ne kusan gaba ɗaya. Yawancin wayoyi idan aka matse allo domin a kusanto da abu, yanko tsakiyar hoton suke yi su kumbura shi, shi ya sa fuska take dagulewa. Ita kuwa kyamarar, gilasanta ne suke fitowa su miƙe kamar tabarau mai hangen nesa, hoton ya iso da cikakken bayaninsa. A kan rufin tsohuwar fadar Osaka akwai wasu kifaye masu ruwan zinariya da kai irin na damisa, an kafa su a ƙarshen rufi kamar yadda magina ke kafa zanko a kan soro. Daga ƙasa da ido ɗigon rawaya kawai ake gani, amma da na zuƙo su har ɓawon jikinsu na iya ƙirgawa. Haka na ɗauki barewar garin Nara tana shayar da ɗanta ba tare da na matsa na firgita ta ba, haka kuma na kamo ƙanƙarar da ke kan dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776, ta tagar jirgin ƙasa mai gudun kilomita 285 a awa, ko da yake cikin hotuna goma sha biyu biyu ne suka tsira daga turakun lantarki. Wannan shi ne abin da zai yi muku aiki a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, inda ba za ku iya kutsawa cikin dawakai ba, da kuma a Yankari, inda ba a matsawa kusa da giwa.

Sai dai zuƙowar tana da sharaɗi biyu da masu talla ba sa faɗa. Na farko, duk yadda aka kusanto da abu haka ake ninka rawar hannu, ta yadda a ƙarshen zuƙowa ko numfashi sai ya karkatar da hoton. Akwai na'urar rage girgiza a cikin gilashin, tana taimakawa, amma abin da ya fi aiki shi ne mutum ya manna gwiwoyin hannunsa a haƙarƙari, ko ya jingina da bango ko ƙofar mota, ya riƙe numfashi kafin ya danna. Na biyu kuma shi ne haske, domin a ta Canon ɗin nan idan aka miƙe gilashin har ƙarshe, hasken da ke shiga yana raguwa zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shiga idan ba a zuƙo ba. Na ga wannan da idona a masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935 kuma shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Da rana na zuƙo jinjirin watan da ke kan hasumiya ya fito tar, amma bayan isha'i da na ɗauki cikin masallacin, hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa masa gero, wayar abokina kuwa ta fitar da shi fes. Saboda haka shawarata ita ce da rana da nesa ku ɗauko kyamara, da dare da cikin ɗaki ku koma wa wayarku. Ku kuma sani cewa hazon hunturu da tururin zafin rana suna shiga tsakanin gilashi da abin da ke nesa, babu kyamarar da ke iya share su, don haka hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana.

Yanzu ga batun da ya fi ɗaukar mini lokaci. Yawancin abubuwan da ke sa saye a Japan ya yi daɗi ba sa shiga jirgi tare da kaya. Garantin shekara ɗaya da ke cikin kwali a cikin Japan kaɗai yake aiki, don haka da zarar kyamarar ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano takardar ta tashi daga aiki. Wasu kamfanonin kuma suna kulle kayan da suka yi wa kasuwar cikin gida da harshen Japananci zalla, babu inda za a sauya shi. Saura ƙiris in faɗa wannan rami a wani ƙaramin shago, na riga na ciro kuɗi, sai na ce wa mai shagon ya mayar mini da rubutun Turanci, ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri cewa wannan ba ta da shi. Da na aiko muku ita, da kun zauna da akwati mai maɓallai da ba wanda zai karanta muku a duk unguwa.

Na duba na hannu ma, kuma a nan ne tsarinsu ya fi burge ni. Kowace kyamara an jarraba ta an ba ta daraja, a wasu shagunan da haruffa kamar A da AB da B, an kuma rubuta aibinta a jikin takardar farashi, ko ƙarzuwa ce a kusurwa ko ƙura ce a cikin gilashi. Waɗanda suka lalace an ware su a kwando daban da sunan tarkace, ana sayar da su da arha bisa sharaɗin ba a dawowa da su. A wurinmu mai saye ne yake neman aibi da kansa, mai sayarwa yana rantsuwa cewa daga Turai ta zo jiya. Duk da haka ban saya muku ta hannu ba, domin farashinta ya hau har ya kusa cim ma na sabuwa, ga kuma matsalar laima, tunda a watannin Yuni da Yuli danshin ƙasar nan yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, har masu kyamara suna ajiye ta a akwati mai busar da iska.

Ku kuma taku matsalar ƙura ce. Gilashin da ke fita yana komawa yana aiki ne kamar zugazugi, kowace kunnawa yana shaƙo iska da abin da ke cikinta, kuma idan ƙwayar ƙura ta sauka a kan farantin haske, baƙin tabo zai riƙa fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama. A nan idan haka ta faru shago ba ya buɗe ta, aika ta yake yi wa kamfani, a jira makonni, a aiko da lissafin kuɗi wanda sau da yawa ya kan sa mutum ya gwammace ya sayi wata, kuma 'yan shekaru bayan an daina ƙera samfuri sai a daina karɓar gyaransa gaba ɗaya. A wannan fanni na fi yaba wa masu gyaranmu, domin yaron da ke zaune a Farm Centre zai kwance abu a gabanka ya nemo masa dabara kafin la'asar, ko da yake waya ya saba da ita, kuma gilashin kyamarar aljihu da ƙananan haƙoransa na roba ba sa yafe kuskure. Rigakafin dai shi ne a kashe ta idan dawakai suka tayar da ƙura kusa, a ajiye ta a jakarta, a kuma daina jefa ta aljihu ɗaya da goro da makullai.

Wani abin da ba zai biyo ta gida ba shi ne dawowar kayan da suka ɓata. Na taɓa manta tawa a kujerar jirgin ƙasa a hanyar Kyoto, washegari na same ta a ofishin ajiyar kayan tsintuwa, an ɗaura mata takarda mai ɗauke da lokaci da tashar da aka tsince ta. Dokarsu ta ce a ajiye tsintuwa wata uku, ta kuma ba wanda ya tsinta damar karɓar tukuici daga kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na darajar kayan. A cikin cunkoson ranar hawa kuwa, ku zura igiyarta a wuyan hannu. Su ma nan suna da nasu takurawar, domin tun 2019 aka kafa alluna a wasu lungunan unguwar Gion ta Kyoto da ke cin tarar yen 10,000 ga wanda ya ɗauki hoto ba da izini ba, kuma ni kaina na koyi cewa iya zuƙo fuskar mutum daga nesa ba ya nufin ya yarda a ɗauke shi.

A ƙarshe ta Canon ɗin na saya, bayan jiran mako biyar, domin aikinku na rana ne da nesa, kuma na sa an mayar da rubutunta Turanci a gabana kafin in biya. Irin waɗannan kyamarori caji ɗaya yana ɗaukar hoto tsakanin 250 da 400 ne, kuma yawan zuƙowa yana ƙara shan batir, saboda haka na haɗa muku da batir na biyu da memori biyu da makin da shagon ya ba ni. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 230, amma na karanta jikin cajar na ga tana ɗaukar daga 100 zuwa 240, abin da za ku nema kawai shi ne ɗan adafta da zai karɓi ƙafafunta biyu masu faɗi. Ba zan aiko ta gidan waya ba saboda ƙa'idar da aka sa wa batir a jirgin sama, zan ba wani abokin aikina da zai zo gida kafin azumi, ya riƙo ta a jakar hannu, rasit da takardar garantin suna cikin kwalin.

A gaida Inna da yara duka. Wassalam.

Ɗanku da ke Osaka.