Yaro mai galahanga a Yamai: karatu a gida ko a makaranta?

Amfanin gida a fili yake. Galahanga, wato lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane (autism), ba ta da maganin warkewa, amma wasu yaran suna shan na farfaɗiya, ko risperidone idan fushi ya yi yawa, wanda kan kawo barci da ƙiba. A gida uwa za ta ɗora karatu a sa'ar da idon yaron ya washe, ta bar shi ya kwanta idan maganin ya kama jikinsa. Ranar ganin mai koya masa magana kuwa, ko daga unguwar Harobanda da ke ƙetaren kogi za a tsallako gadar Kennedy, ba darasin da ya wuce shi. Ana koya masa da Hausa ko Zabarmanci, harshen da kunnensa ya saba da shi.

Sai dai nauyin duk a kan uwa yake: ita ce malama, ita ce mai lissafin ƙwayoyi, ga tukunya tana jira.

Makaranta tana ba shi abin da tsakar gida ba ta da shi, wato sa'o'insa da jiran layi. Amma aji cike, hayaniya, Faransanci, ga zafin Afrilu sama da digiri 40. Yaron da ke toshe kunne don ƙarar babur da wuya ya jure.

Ni dai, idan yaron yana da farfaɗiya kuma ba ta lafa ba, gida na zaɓa tukuna.