8x42 ko 20x50: wane madubin hangen nesa za ka tafi da shi Dagona?

Ɗan'uwa, tunda Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke jihar Yobe, ka nufa kallon tsuntsaye, ɗauki 8x42 ɗin ka bar 20x50 a shago. Duka biyun na saya da kuɗina, ɗaya ne kawai nake ratayawa a wuya.

Lambar farko ninkin girman abin da kake kallo ne, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mutum yana ganin 20 sai ya ɗauka ya fi 8 komai da komai, ni ma abin da ya ruɗe ni ke nan. Amma yadda madubi ke ƙara wa tsuntsu girma, haka yake ƙara wa hannunka rawa. Ga batun haske: raba 42 da 8, ka sami fiye da milimita 5 na hasken da zai shiga idonka, raba 50 da 20, sai 2.5 kacal. Tsuntsayen ruwa kuwa da sassafe da gab da magariba suka fi hada-hada, lokacin da hasken yake da ƙaranci.

Ba na manta wata safiya a watan Janairu. Daga Gashua muka tashi bayan sallar asuba, sanyi har cikin ƙashi, hazo ya lulluɓe tafkin. Da ido ba ka ganin komai sai ɗigo-ɗigo a kan ruwa, sai fiton kirinjijiya da kake ji ta ko'ina. Ina ɗora 8x42 sai ga fararen fuskokinsu tar, ga dinya a gefe tana gyaran fiffike, ga kuma baƙin da suka sa na zo, agwagin nan masu doguwar wutsiya da farin layi a wuya, waɗanda suke keto Sahara daga Turai su yi hunturu a fadamar Haɗejiya da Nguru. Can kusa da mu wani tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado, goshinsa shuɗi, ko ganye ɗaya bai nutse ba. Da garken ya tashi gaba ɗaya na bi shi da madubin har ya juya ya sake sauka, bai ɓace mini ba, saboda filin da yake nunawa yana da faɗi. Na miƙa wa wani dattijo mai su da ke gyaran koma, ya daɗe yana kallo yana ta tasbihi. Shekara da shekaru yana tare da tsuntsayen nan, bai taɓa ganin ƙwayar idonsu ba.

Shi 20x50, in ka kafa shi a kan sanda mai ƙafa uku zai nuna maka abin da ke tsaye cik. A cikin kwalekwale a tafkin Nguru, ban samu komai daga gare shi ba sai jiri.

Ka yi hattara da masu sayarwa, ko ba ka tambaya ba sai na faɗa. Za su nuna maka ɗan ƙaramin madubi an buga masa 60x60, gilashinsa ja jawur, su rantse har cikin dare yana gani. Ƙarya ce, jan nan ma rage haske yake. Tafi da rula ka auna gilashin gaba. Ka riƙe madubin nesa da fuska ka dubi inda ake ɗora ido, ya kamata ka ga ɗigon haske zagayayye sumul. Sannan ka fita waje ka kalli wayar lantarki. In ta rabu biyu, ajiye masa kayansa komai ragin da zai yi maka. Nemi wanda ruwa ba ya shigarsa, don shi ne ƙurar hunturu ma ba ta ratsawa.

Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Dagona tana ƙaramar hukumar Bade, cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, don haka ka fara biyawa ta wurin ma'aikatan gandun su haɗa ka da ɗan rakiya. Su suka san halin hanya da inda ciyawar kacala ta toshe ruwa. Kuma kada ka sa farar riga.